Kwantaccen Ciki

Ranar da wata matar aure ta yi sallama surukarta ta jawo mayafi, ta zaci baƙon namiji ne, ranar aka kira ungozoma.

Jini ya daɗe da ɗauke mata. Gashi ya tsiro a haɓarta, murya ta yi kauri. Ungozoma ta shafa cikin ta yi dariya.

"Kwantacce ne, Inna, kuma namiji. Ga gemunshi nan ya riga shi fitowa."

Mijin, mai aikin sabuwar kwaltar Sheme, ya ɗaure rago.

Da ciwon kwiɓi ya tsananta mata suka tafi Zariya. Likita ya ce babu ciki. Ƙari ne ya fito a wani ɗan nama da ke saman ƙoda, shi ke zuba mata sinadarin maza a jini. Sai an cire shi.

"A cire mani jika?" in ji surukar. "Tashi mu tafi, 'yar nan."

To, kun san mutanenmu, haka suka dawo gida.

Rago na ta ƙiba a turke. Ita kuwa kullum tana dafe da kwiɓi, can ta baya, inda abin ke girma, inda ɗa bai taɓa kwanciya ba.