Shuɗiyar Fitila a Ƙofarmu

Tun zuwan sabuwar doka, duk gidan da ke da jinin ’yan gudun hijira, shuɗiyar fitila ce ke kamawa a ƙofarsa. Da safen nan tamu ta kama, don a goye aka shigo da matata garin nan.

Na raka ’yata Yagana wurin Malam Jauro, mai kai yaran unguwa makaranta. Shi Bafillace, uwarta Babarbariya, kullum sai ya tsokane ta: “Baiwata, ɗauko mini takalmi!”

Yau ya dubi ƙofarmu, ya ce da ladabi, “Ina kwananku? Bari dai in tambayi iyayen sauran yaran kafin in tafi da ita.”

Yagana ta ja mini riga. “Baba, laifin me na yi masa?”