Tsoho, Tela da Gwanki

Kai dai ba ka iya ganin abu ya zauna daidai ka ƙyale shi, sai ka sa masa hannu. To, gyara zama in ba ka misali.

Wani tsoho ne ya tashi a gefen daji, tun kafin hukuma ta kewaye wurin ta mai da shi gandun namun daji. Da girma ya kama shi sai ganinsa ya soma dusashewa, likita kuma bai ɓoye masa ba: abin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma yana kan hanya. Tsoho bai yi raki ba. Abu guda ya roƙi ɗansa, wani tela da ke zaune a birni: ya kai shi gandun nan ya sake ɗora ido a kan gwanki, babban naman dajin nan mai jikin doki da ƙaho a lanƙwashe, wanda rabonsa da shi tun yana saurayi. Ɗan kuwa, Allah ya sani, yana ƙaunar ubansa. Cutarsa guda ce, bai san "ya isa" ba. Irin telan nan ne da za ka kai masa riga ya rage hannu, ka dawo ka tarar ya ƙara mata aljihu.

Suka shiga da sassafe a ƙafa, ma'aikacin gandu yana gaba. Tsoho ya tsaya yana shafa ɓawon wata ƙirya mai kauri, irin wadda ta ƙare a wajen gandu, ɗan ya ja hannunsa, wai ba itace suka zo gani ba. Ya tsinci ɗiyan kanya ya kai hanci, ɗan ya karɓe ya yar, ya miƙo masa ruwan leda. Burtu ya yi kuka daga nesa, tsoho ya kasa kunne, ɗan ya cika kunnen da surutu: ga biri can, Baba, ga zabi can, ka gani? Ina fa! Kafin tsoho ya juyo da kai biri ya haye sama, zabi sun watse. Haushi ya kama shi, amma ya danne, ya tuna yaron nan shagonsa ya rufe saboda shi.

Da rana ta ɗaga, ma'aikaci ya kai su bakin wani tafki da rani bai ƙafar ba. Ya zaunar da su cikin sabara, ta inda iska ke busowa daga ruwa zuwa gare su, ya ɗora yatsa a baki. Suka jira har ƙafa ta yi tsami. Sai ga shi. Gwanki ya fito daga cikin gamba, ya tsaya a hayin ruwa, kunnuwa a miƙe. Tsoho bai ga fari da baƙin fuskarsa ba, amma ya ga tsayin, ya ga jan jikin, ya soma rarrabe ƙahon da rassan da ke bayansa. Daɗi ya kama shi. Jira kawai yake naman ya sunkuya ya sha, don ido mai rauni a hankali yake tattara abu. Ɗan kuwa da ya ga uban yana ƙanƙance ido, sai ya ce a ransa ai wannan ba gani ba ne. Kafin ma'aikaci ya ankara ya sulale, ya zaga ta bayan tafki, wai zai koro gwanki kusa. Gwanki fa! Sai ka ce akuyar gidansu. Ko rabin hanya bai kai ba iska ta kai warinsa. Naman ya yi firji, ya juya, ciyawa ta rufe bayansa.

Suka zauna har la'asar, ko gada ba ta leƙo ruwan ba. Ɗan, da ƙarangiya har gwiwa, sai ba da haƙuri yake, yana rantsuwa bayan damina zai sake kawo shi. Tsoho ya lalubi sandarsa ya miƙe, ya ce, "Na fa gan shi, ɗan nan. Bari kawai za ka yi in gama gani."

Bayan damina tela ya cika alkawari, ya zo da mota har ƙofar gida. Ya tarar da uban a zaure, ya tsaya a gabansa yana murmushi, tsoho bai san da mutum a wurin ba sai da ya yi sallama.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce: garin neman gira an rasa ido.