Linzamin Maƙwabci

Nafi'u, ajiye wayar nan tukuna. Tun ɗazu kake nuna mini hotunan linzaman kwamfuta, wannan mai jar fitila, wancan mai maɓallai goma sha biyu, kana tambayata wanne zai yi maka wasa ya kuma yi maka aikin ofis. Ni kawunka ban san sunayensu ba. Amma bari in ba ka misali da wasu mutum biyu da na sani a Funtuwa, zamanin da kwamfuta take da ƙatuwar ƙeya, ana lulluɓe ta da zane in an tashi aiki.

A bakin tasha akwai shaguna biyu da bango ɗaya ya raba. Na farko na wani dattijo ne mai buga wa mutane takardu. Da tafireta ya fara, da kwamfuta ta zo ya koye ta da furfurarsa. Linzaminsa irin na da ne, fari har ya koma ruwan ƙasa, maɓalli biyu kacal, da ƙwallo a cikinsa. Duk Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya kwance shi, ya ciro ƙwallon ya goge da gefen riga, ya kankare dauɗar ciki da tsinken ashana. Da tafin hannu duka yake kama shi, ya matse gefen da babban yatsa, yadda ya saba riƙe ƙotar fartanya tun yana ƙauye. Wallahi ina kewar shagon nan. Ƙamshin takarda mai ɗumi, da tsohuwar fanka tana kuka, da mutane jere bisa benci kowa rungume da takardunsa, ana hira ba mai gaggawa. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki don gyara.

Shago na biyu gidan wasan kwamfuta ne, inda samari ke harbe-harbe da tseren mota. Mai shi ya sayo baƙin linzami daga Kano, fitilunsa suna canza launi, ga maɓallai har a gefe inda babban yatsa ke kwanciya, ga saurin tsiya, ka ɗan taɓa shi kibiya ta tsallake allo. Da kan yatsu yake riƙe shi, ya kuma karɓe shi ƙwarai, don ba mai cinye shi a wasa. Dattijo in ya leƙa ya ga abin nan yana walƙiya, sai ya dawo ya dubi nasa ya ji ya raina shi. Masu jiran aiki ma ba su bar shi ba, wai Baba har yanzu yana kan jaki mutane sun hau mota. Ran nan ya ba da saƙo aka sayo masa irinsa sak, bai taɓa ɗora hannu a kai ba. Tsohon linzamin kuwa ya miƙa wa 'yan gwangwan.

Kwana uku da haka wani manomi ya yi sammako daga ƙauye da 'yarsa, za a cike mata takardar neman shiga makarantar koyon jinya ta intanet. Ranar ce ta ƙarshe, ƙarfe huɗu za a rufe. Intanet ɗin wancan lokaci kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Sai wajen ƙarfe biyu layi ya zo kansu, dattijo ya shafe kusan awa biyu yana cike shafi bayan shafi, suna, sakamakon jarrabawa, da hoton da ya ƙi hawa sai a karo na biyar. Saura minti goma ya isa shafin ƙarshe. Ya kai kibiya wurin aikawa, ta zarce. Ya dawo da ita, ta sake zarcewa. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba shekara da shekaru, ya damƙi linzamin da kyau ya matse gefen don ya tsayar da shi. A gefen nan kuwa maɓallin komawa baya yake. Allo ya yi fari, ya dawo shafin farko, ko harafi ɗaya bai saura ba. Ya sake farawa, yana kan ranar haihuwarta ƙarfe huɗu ta yi, aka rufe.

Manomin bai yi faɗa ba. Ya ce, “Ba komai Malam, haka Allah ya so,” ya tattara takardun. Yarinyar ce ta tsaya bakin ƙofa tana share hawaye da gefen hijabi, shekara guda ta tafi mata a banza. Dattijo ya faɗa mini daga baya cewa da zaginsa suka yi da ya fi samun sauƙi. A daidai lokacin kuma ihu ake a shagon maƙwabci, mai gidan ya sake cin wasa da irin linzamin nan.

To ka ji, Nafi'u. Linzamin ba shi da laifi, mai kyau ne, a hannun mai shi. Tashi ka tafi kasuwa da ƙafarka, ka ɗora tafinka a kan kowanne, ka riƙe shi yadda kake riƙewa in aiki ya kai maka wuya, ka ga inda yatsunka ke sauka. Abin da ya dace da hannun abokinka ba lallai ya dace da naka ba. Hausawa sun riga sun gama magana: kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.