Kofi Na Uku

Hedley ya laɓe a bayan ƙofa, yana jiran a yabi giyarsa. Shekara ashirin yana dafa ta a ƙaramar mashayarsa a Yorkshire, kuma duk gangar da ya buɗe, amininsa Clive ne ke fara ɗanɗanawa, ya ce, "Mutumina, ba ka da na biyu!" Hedley mai son yabo ne, ya yarda.

Yau gasar ƙauye ce. An jera kofuna babu suna, Clive yana cikin alƙalai.

Clive ya kurɓi kofi na uku, ya yamutse fuska.

"Yi a hankali," in ji alƙalin kusa da shi. "Ba ka san mai ita ba."

"Ni ban sani ba? Ta Hedley ce! Shekara ashirin nake haɗiyar wannan ruwan wankin. To, kyauta yake ba ni."