Kalmar Sirrin da Luba Ta Ƙi Faɗa

"Luba, faɗa mini kalmar sirrin waifai ɗin nan! So kike a raɗa wa jikana suna a Jamus ban gani ba?"

Alhaji Ɗanbala na zaune gaban kwamfutarsa, wadda mai gyara a kasuwar Circle ya goge mata komai. Ya gwada sunayen 'ya'yansa, har da na tsohuwar motarsa, duk a banza. Matarsa Luba ce ta sa kalmar, ga ta tsaye tana murza bakin mayafi.

"Maigida, na san ta, amma bakina ba zai iya ba."

"To rubuta!"

"Hannun ma kunya yake ji."

Wane namiji ne ake ɓoye sunansa a cikin gidansa? Ya miƙe tsaye.

"Rantse ba tsohon saurayinki ba ne!"

Sai maƙwabciyarsu Muniratu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ta leƙo ta taga.

"Ei, Alhaji, sunanka ne fa! Ka taɓa jin Hajiya ta kama sunan miji? Rubuta shi da ƙananan baƙaƙe. Amma yau sai haƙuri, waifai ɗin yana jan ƙafa, rabin unguwar Maamobi muna kansa."