Muryar Malachy Devane

Da ƙarfe biyu saura kwata na rana na'urar ta cinye kaset ɗin. Cathal mai ɗaukar sauti ya zaro zaren a hankali da bakin fensir, amma abin da ya fito ya riga ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta wuce dahuwa.

Fergal Tuohy, mai ba da umarni a fim ɗin, ya zauna a kan matakalar dandamali ya dafe kai. Wannan kaset shi kaɗai ne ke ɗauke da muryar marigayi Malachy Devane, mawaƙin nan mai siririyar murya wanda ya hana kulob ɗin Keaveney rufewa shekara arba'in da suka wuce. A kan labarinsa Fergal ya gina fim ɗinsa na barkwanci, kuma fage ɗaya tak ya rage: jarumin fim, Lorcan, ya tsaya gaban labule yana motsa baki, muryar marigayin tana tashi. Gobe da safe masu rusau za su shigo ginin. Lorcan kuwa, idan ya gwada waƙa da bakinsa, karnukan bakin teku ne suke amsa masa.

Laifin duk na Misis Nuala Keaveney ne, mai kulob ɗin, a ganin Fergal. Sau uku ya roƙe ta a kwafi kaset ɗin, sau uku tana ƙi. Tun ranar da ya fara kiranta a waya ya yi kuskuren ce mata yallaɓai don ya ɗauka muryar namiji ce, ba su sake jituwa ba. Mako uku ke nan tana zaune a gefen dandamali, wuyanta naɗe da mayafin ulu duk da zafin Yuli, tana kurɓar ruwan ɗumi da zuma, tana tsoma baki a aikin da ba nata ba.

"Ba a nan ake jan numfashi ba," haka take ce wa Lorcan kullum. "Ka jira ƙarshen baiti, kai ba jakin dawa ba ne."

Shi kansa Malachy ya wahalar da Fergal tun daga kabari. Duk garin nan, idan aka zauna a mashaya aka kira sunan mutum, dole ya miƙe ya rera tasa waƙar, ko da muryarsa kamar ƙarar ƙofar gareji take. Tsofaffi sun shaida cewa Malachy bai taɓa amsa kiran ba, ko a zaman makokin mahaifiyarsa. Yakan nuna maƙogwaro ya ce yana tattalinsa, sannan ya kunna wata sigarin. An gayyace shi yin waƙa a birnin Dublin har sau biyar, bai je ba. Fergal ya rasa yadda zai fassara wannan hali, sai ya mayar da shi abin dariya a fim ɗin.

Yanzu ga mutanen gari sittin da aka gayyato su fito a matsayin 'yan kallo sun cika kujeru cikin kayansu na zuwa coci, an yi musu alkawarin shayi da ƙarfe huɗu, sun fara duba agogo.

Misis Keaveney ta ajiye kofinta ta dubi Fergal. "Ka daina cin farcenka, ɗana. Ka ce yaron ya tsaya a wurinsa. Akwai wata a bayan labule, ni zan tayar muku da ita. Amma kada kowa ya biyo ni."

"Akwai wata," Fergal ya maimaita. "Mako uku, Misis Keaveney. Mako uku ina kwana da fargabar kaset ɗaya."

"Ba ka tambaya ba," ta ce, ta shige.

Aka kunna fitilu, aka fara ɗauka. Muryar ta taso daga tsohuwar lasifikar bango, ta ɗan dushe fiye da ta ɗazu, amma ita ce, babu shakka. Ta hau sama a hankali har ta kai inda gilasan kan tebur suke amsawa. Wani tsohon masunci a layin gaba ya cire hularsa. Fergal ya ji idanunsa sun cika, har ya fara yafe wa matar a zuciyarsa.

Sai a baiti na ƙarshe Lorcan ya ja numfashi inda bai dace ba, ya rufe baki muryar tana ci gaba.

"A tsaya," Fergal ya ce cikin takaici. "Misis Keaveney, don Allah ki mayar da kaset ɗin baya, mu sake daga farko."

Ya haye dandamali a fusace ya yaye labulen. Babu na'ura a wurin, babu kaset. Sai wata tsohuwar makirfo, da kujerar katako da zama ya sassaƙe ta, da Misis Keaveney a kai tana mayar da numfashi, mayafin ulun a cinyarta.

"Ka bari in kurɓi ruwa tukuna, ɗana," ta ce. "Malachy ma, Allah ya ji ƙansa, sai da ya shekara biyu kafin ya koyi rufe baki daidai da ni."