Kafinta da Eriyar Saman Kwano

Wani magidanci ya je wurin wani dattijo yana huci, ya ce shi ya gama da mutane, daga yau kowa tasa ta fisshe shi. Dattijon bai yi masa musu ba. Ya gyara zama, ya ba shi wannan misali.

Ya ce, an yi wani kafinta a wani gari da ke gindin dutse. Mutum ne mai zuciya, wanda ko katako ya fi ƙarfinsa, gara ya ja shi a ƙasa da ya ce wani ya kama masa. Matarsa ta daɗe a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, magana ma sai dai da ido. 'Yarsu ta sami aiki a gidan talabijin na babban birni, aka sa mata ranar da za ta fara karanta labaran yamma. Akwatin talabijin na gidan kafintan kuwa tuni wuta ta ƙone shi. Sai 'yar ta aiko da tsohuwar kwamfutarta da wata 'yar na'ura da ba ta wuce babban yatsa ba, ta ce masa a waya, "Baba, ka soka ta a gefen kwamfutar, ka haɗa ta da eriya. Ba kati, ba biyan wata, daga iska take kamowa. Inna za ta gan ni tas, kamar ina gabanta."

Da ranar ta zo, kafinta ya ajiye kwamfutar a kan kujera kusa da gadon matarsa, ya ɗaura eriya a kan gora, ya kafa ta a saman kwano, ya zuro wayar ta taga. Allo ya tsaya baƙi ƙirin. Da akwatin dā ne, in kana juya eriya hoto kan fara tahowa cikin yayyafi, ka san ka kusa. Wannan kuwa ba ta san rabi da rabi ba: ko hoto ya fito cikakke, ko kada ya fito sam. Ga shi dutsen ya tare hanya, sai ta wata 'yar kafa kawai ake iya kamowa. Ya so ya hau da kwamfutar, amma batirinta ya mutu, sai a jone take aiki. Don haka sai ya hau tsani ya juya gora, ya sauko ya leƙa, ya tarar da baƙi, ya sake hawa. Rana ta gasa kwanon, tafin ƙafarsa ya yi ja. Maƙwabcinsa, wani mai sayar da hatsi, yana jin takun daga gidansa. Amma sun shekara ba sa ga maciji da juna saboda wani indararo da ke zuba a katanga, kuma kafinta ya rantse a ransa ko kallon wajen ba zai yi ba.

Ana cikin haka ya sauko wani karon, ya tarar matar tana ta yagar zanen gado da hannunta mai lafiya, hawaye na gangarowa cikin kunnenta, idonta na kai kawo tsakanin allon da rufin ɗaki. Nan take ya gane. Ashe hoton ya fito yana sama, ta gani, amma ba ta da bakin da za ta ce masa tsaya, har ya juya ya wuce wurin. Ya zauna a bakin gado. La'asar ta yi, lokacin labarai ya matso. Can sai ya ji sallama a zaure. Maƙwabcin ne, ya riga ya naɗe hannun riga, domin matarsa da ke zuwa duba marar lafiya ta gaya masa abin da ake ciki. Bai tayar da tsohuwar magana ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, koma ka zauna kusa da ita. Ni zan hau. In ya fito ka kira ni ta taga."  Kafinta ya matsa ya ba shi hanya.

Mai hatsi ya riƙa juya gorar a hankali, yana tsayawa yana saurare. Kwatsam allo ya haskaka, kafinta ya ɗaga murya, "Tsaya! Nan ne!" Ba a jima ba sai ga 'yarsu, ta yi sallama ga masu kallo, hoton garau har ana ganin saƙar mayafinta da ɗan tabon ciwon da ta ji a goshi tun tana rarrafe. Uwar ta miƙa hannu a hankali ta shafa kumatun 'yarta a jikin allo, ta bar yatsunta a wurin. Sai da aka gama labarai kafinta ya tuna da mutumin da ke sama. Ya fito ya tarar da shi durƙushe a kan kwano mai zafi, ya rungume gorar da hannu biyu, don igiyar ta saki, in ya cika eriyar za ta kauce. Mai hatsi ya leƙo ya ce, "Ta gan ta?" Kafinta ya ce, "Ta gan ta." Sannan ya je ya riƙe masa tsani har ya sauko.

Dattijon ya dubi magidancin ya ce, "To ka ji. Ƙarfi bai gaza masa ba, dabara ma bai rasa ba, amma mutum ɗaya ba ya zama a sama da ƙasa a lokaci guda. Shi ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."